Daga Bakin Gada: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan wata za mu ɗan jingine zancen jarrabawa da muka saba yi a wannan fili, mu taɓo wata magana wadda ta fara yawa a bakin 'ya'yanmu na lise da na jami'a, wato fita ƙasar waje aikin sa kai, a yi taimako, a kuma buɗe ido.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya bayan la'asar wani dattijo mai sana'ar albasa a kasuwar Malanville ya yi mana sallama a gida, ɗansa na biye da shi. Yaron mu muka koyar da shi a ajin ƙarshe na firamare, yanzu kuwa yana shekara ta biyu a Jami'ar Paraku. Bayan an gaisa sai dattijon ya ce, "Malam, ku duba mana wannan al'amari. Ni ban iya nasaranci ba, ga shi yaron nan tun shekaranjiya ko tuwo ba ya iya ci." Yaron ya miƙo mana wayarsa. Saƙo ne da Faransanci, ga hatimi ga tuta, ana yi masa albishir an ɗauke shi aikin sa kai na wata shida a Kanada, zai kula da marayu, ranakun hutu kuma a kai su hawan duwatsu da kallon ƙanƙara. Sharaɗi ɗaya ne, ya aika jika 450, wato sefa 450,000, ta waya cikin kwana goma, in ba haka ba a ba wani gurbinsa. Uban har ya riga ya yi magana da dillali a kan shanun huɗarsa guda biyu.

Muka tambayi yaron yaushe ya rubuta takardar neman aikin. Ya ce bai rubuta ba, suna da lambar waya kawai ya bayar. Wa ya kira shi hira? Babu. Ina ofishin ƙungiyar a Kwatano? Bai sani ba. Lambar da za a aika kuɗin, ta ƙungiya ce ko ta mutum? Ta mutum ce. Fasfo fa? Bai yi ba tukuna. Muka juya wajen uban muka ce, "Alhaji, ku bar shanunku a turke." Yaron ya tashi ransa a ɓace, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin abin da yake so ba mugun abu ba ne. Mu da bakinmu muka sha gaya musu a aji cewa tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da ba mu koya musu ba shi ne yadda ake shirya ta, to shi za mu yi yau, ko da an makara.

Mu Hausawan wannan yanki ai jikokin matafiya ne. Tun kafin Faransawa su sa wa garin nan sunan gwamnansu Malan, tun kafin a gina gadar da ta haɗa mu da Gaya a 1958, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato suna ƙetare kogin Kwara a wannan shiyya, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro. Tafiya ce ta watanni, kuma ba mai tashi da ka. Kafin falke ya ɗora wa jaki mangala sai ya san abu huɗu: wane ne madugu, wane ne mai masauki a can, wace haja zai kai, kuma yaushe ayari zai juyo gida. Yau mota da jirgin sama sun karɓi aikin jaki, amma tambayoyin nan huɗu suna nan yadda suke, kuma su ne ya kamata kowane uba ya yi wa ɗansa.

Tambaya ta farko, madugu. Wace ƙungiya ce za ta tura yaron, tun yaushe take aiki, kuma wa ta taɓa turawa ya dawo, har a je a gan shi ido da ido? Shirye-shiryen gaskiya suna nan, ba a ɓoye suke ba. Faransa tana da wanda suke kira Service Civique tun 2010, na matasa 'yan shekara 16 zuwa 25, ana yin wata 6 zuwa 12, kuma ana karɓar matasan ƙasashenmu ta hannun ƙungiyoyi da garuruwan da ke da ƙawance da na can. Hukumar France Volontaires, mai ofishi a Kwatano, ita ce wurin tambaya. Jamus tana da shirin weltwärts tun 2008, a 2013 kuma ta buɗe ƙofa ga matasan Afirka da Asiya da Kudancin Amurka su je can su yi aiki, yawanci shekara guda, a gidajen renon yara ko wuraren kula da naƙasassu da makamantansu. Ana ɗaukar 'yan shekara 18 zuwa 28, gwamnatin Jamus ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata shirin matasa 'yan sa kai a Abuja a watan Disamba 2010, inda ake tura mai digiri wata ƙasar Afirka ya yi wata 12. CEDEAO ma ta soma nata a 2010, ta fara da ƙasashen da suka fito daga yaƙi, irin su Laberiya da Saliyo.

Ku lura da abin da ya haɗa su duka. Sai ka nema a rubuce, a tace masu nema, a kira ka hira, ka yi ta jira watanni. Ba a sayar da gurbi, kuma ba a ba mutum kwana goma. Sannan ba albashi ake biya ba, ɗan kuɗin kashewa ne. A 2024 ɗan Service Civique yana samun kimanin yuro 620 a wata. In aka juya shi a kan kusan sefa 656 kowane yuro, ya haura jika 400, abin da zai sa uba ya fara lissafin kwanon rufi. To, a can kuɗin abinci da na mota da na sutura suna iya lashe shi kafin wata ya mutu, balle in da kuɗin ɗaki. Kada iyali su sa rai da aike, kada kuma a ci bashi da sunan yaro zai biya daga can.

Akwai kuma na gajeren lokaci, wato sansanin aikin gayya na mako biyu ko uku a babban hutu. Asalinsa ya faro ne a 1920, lokacin da wani mutumin Suwizalan mai suna Pierre Cérésole ya tara 'yan sa kai, har da Jamusawa, suka je gyaran wani ƙauye kusa da Verdun wanda yaƙin duniya na farko ya rusa. A irin wannan kam ɗalibi ne ke biyan kuɗin motarsa da ɗan abin da za a ci, saboda haka ba kowane biyan kuɗi ne zamba ba. Bambancin shi ne akwai ofis, akwai rasit, akwai bayanin inda kuɗin za su. A Togo, wajen Kpalime, ana yin irin wannan sansani kowace shekara, a Ghana ma akwai ƙungiyar da ke shirya shi tun 1956. A ganinmu, ga ɗalibin Malanville wannan ne matakin farko. Mota ce za ta kai shi, babu biza, in hawan dutse yake so ga Dutsen Agu mai mita 986, wanda ya fi kowane tsawo a Togo, in kuma kewar gida ta kama shi, zangon Lome da na Kumasi cike suke da masu jin Hausa.

Tambaya ta biyu, mai masauki. Kakanninmu ba sa shiga Salaga sai sun san gidan da za su sauke kaya. Kafin a biya ko dala ɗaya, uba ya ga takardar yarjejeniya mai ɗauke da sunan garin, da wurin aikin, da awa nawa za a yi a mako, da inda za a kwana, da wanda zai tarbi yaron, da wanda zai biya asibiti in ciwo ya zo. A nemi lambar mutumin a kira shi a ji muryarsa. In uban ba ya jin harshen, ga mu nan malaman lakwal, karanta takarda ba ya rage mu da komai.

Wannan tambaya ta fi nauyi a kan 'ya'ya mata. Mun san gidajen da ke cewa mace ba ta fita ko nan da Kandi, mun kuma ji labarin 'yan matan ƙasar nan da aka yi wa romon baka aka kai su aikatau ƙasashen Larabawa, aka karɓe musu fasfo tun daga filin jirgi. Mu ba mu ce a kulle ƙofa ba, domin sau da yawa ita ce ta fi 'yan'uwanta maza ƙoƙari a aji, ba mu kuma ce a miƙa ta ga wanda ba a sani ba. A binciki masaukin, a san mace ce za ta riƙe ta ko iyali ne, a yi magana da wadda ta taɓa zama a wurin. Kuma a gaya wa yaro, mace ko namiji, fasfonsa ba ya kwana a hannun kowa. Ya bar kwafinsa a gida, ya haddace lambar waya biyu a ka, domin waya tana ɓata.

In madugu da mai masauki sun tabbata, sai takardun hanya, kuma a nan ne mu Hausawa muka fi kowa shan wuya, saboda dalili biyu. Na farko sunayenmu. Yaro ɗaya, a gida Abubakar, a takardar haihuwa Boubacar, a takardar CEP Aboubakari, a katin shaida Boukari. Usmanu ya zama Ousmane a nan, Soumanou a can. Mai rubutu ya rubuta abin da kunnensa ya ji, uba kuwa bai yi boko ba balle ya gyara. Mu a aji mun san yaro guda ne, amma na'urar ofishin jakadanci ba ta san haka ba, harafi ɗaya ya isa a mayar masa da takardunsa. Na biyu, gidajenmu ƙafa ɗaya a nan ƙafa ɗaya a ƙetare. Uwa ta tafi goyon ciki Gaya ko Kamba ta haihu a can, aka dawo da jariri bayan arba'in, ba a rubuta shi ko'ina ba. Lokacin da ake wuce gada ba tambaya, ba wanda ya damu. Amma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai na watan Yuli 2023, muka ga jama'a suna ƙetarewa da kwalekwale, sannan Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu 2025, kowa ya gane cewa sanin ƙasar da mutum yake a takarda ba abin wasa ba ne.

Saboda haka a fara da takardar haihuwa, shekara guda kafin tafiya. Tun bayan rajistar RAVIP da aka soma a 2017, hukumar ANIP ce ke riƙe da sunayen jama'a, kowa da lambarsa. A ciro takardar, a jera ta da takardun lakwal a kan tabarma, a bi su harafi-harafi, har da ranar haihuwa da sunan uwa. In an ga saɓani a nemi gyara tun yanzu, domin wani gyaran sai an je kotu, kuma yana cin lokaci. Daga nan katin shaida, sannan fasfo. A tuna Kwatano ta haura kilomita 700 daga nan, duk takardar da aka manta a gida kuɗin mota ne zuwa da dawowa. Takardar shaidar rashin laifi wata uku kawai take yi, kada a yi gaggawar cirar ta. Katin allurar shawara, ruwan ɗorawan nan, sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, amma tun 2016 allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen ransa.

Maganar biza kuwa, a ƙasashen CEDEAO ɗan ƙasa yana da kwana 90 ba tare da ita ba, bisa yarjejeniyar 1979. Turai daban ce. Tun watan Yuni 2024 kuɗin bizar gajeren zama ya koma yuro 90, kimanin jika 59, kuma in an hana mutum ba a mayar masa. Ana neman inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar aƙalla yuro 30,000. Wanda zai wuce kwana 90 bizar dogon zama zai nema, da takardar gayyata daga ƙungiyar da za ta karɓe shi. Duk wanda ya ce wa yaro ya shiga da bizar ziyara, sauran a gyara a can, to ba madugu ba ne.

Tambaya ta uku, haja. Falke ba ya zuwa Gwanja hannu rabbana, yana kai kanwa da tufafin Kano da jar fata. Ɗan sa kai fa, me zai kai? Yawancin yaranmu in aka yi musu wannan tambaya sai su yi shiru, domin tunaninsu ya tsaya ga abin da za su gani. Waɗanda suka yi lakwal a zamaninmu sun tuna 'yan Peace Corps na Amurka, waɗanda suka fara zuwa ƙasar nan a 1968 tun ana ce mata Dahome. Kafin a kai ɗayansu ƙauye sai ya yi kusan wata uku yana koyon harshe da gaisuwa da cin tuwo da hannu, sannan ya yi shekara biyu yana aiki. In baƙo ya yi wannan wahala don ya zauna da mu, yaronmu ma ya fara koyon Jamusanci ko Ingilishi tun yana gida, ko da rabin awa ne bayan sallar isha'i.

Kuma kada ya raina abin da ke hannunsa. Yaron da ya tashi a garin nan yana jin Hausa da Dandanci da Faransanci, wani har da Fulatanci, ya iya rainon irin albasa, ya iya dashen shinkafa da ban ruwa, ya san yadda ake riƙe ƙanne biyar a gida. Wannan haja ce. Sai dai a wurin hira za a tambaye shi aikin sa kan da ya taɓa yi, kuma baki ba ya isa. Ai aikin bai ƙare a gida ba. Mun ga abin da ambaliyar 2010 ta yi wa Malanville da Karimama, kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Ya shiga ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ya koyi taimakon gaggawa, ya koyar da ƙannensa 'yan ajin jarrabawa kyauta a lokacin hutu, ya fita gayyar yashe magudanai kafin damina, sannan ya nemi takardar shaida mai sa hannu da hatimi. Wanda bai taɓa ɗaukar shebur a unguwarsu ba, da wuya a yarda zai ɗauka a ƙasar wani.

Sai kayan jaka, waɗanda iyaye mata suka fi damuwa da su. Hajiya, ku yi haƙuri, kilishi da dambun nama da wagashi ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, dokarsu ta hana nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a zubar. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne da ake maganinsa da wuta da asuba, kuma a watan Disamba a Jamus rana tana faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi. Babbar rigar sanyi a bari sai an isa a saya, amma a tafi da takalmi rufaffe. A sa darduma, a gaya wa mai masauki tun da wuri abin da ake ci da abin da ba a ci, da maganar azumi, domin yawancinsu suna girmama wanda ya faɗi gaskiyarsa da ladabi. Mai shan magani ya tafi da takardar likita. Kuɗi kuma a raba su gida biyu. Game da buɗe ido, muna jan kunnen 'ya'yan bakin kogi: iya iyo a Kwara ko a Sota ba shi ne iya teku ba, igiyar ruwan Lome da ta Kwatano tana jan ƙato. Dutse ma ba a hawansa sai da ɗan gari.

Tambaya ta huɗu, yaushe ayari zai juyo? Ɗalibi ya je wurin hukumar makarantarsa kafin ya tashi, ya sami izini a rubuce, don kada ya dawo ya tarar an share sunansa. A rubuta ranar dawowa, uwa ta san ta. Mun san abin da wasu ke rayawa a zuci, cewa in an shiga an shiga ke nan. To, wanda ya ɓace bayan bizarsa ta ƙare ya zama mai gudun ɗan sanda, karatunsa ya tsaya, kuma ya toshe hanya ga ƙannensa, domin ƙungiyar da ta tsaya masa ba za ta sake samun yarda da sauƙi ba. Falken da ya ci amanar mai masauki, ayarinsu duka ake rufe wa ƙofa.

Yaron da muka fara da labarinsa ya yi mako biyu yana sauya hanya in ya hango mu. Ran nan sai ga shi da takardunsa a cikin leda, ya ce, "Mushe, ku duba, a takardar haihuwa an rubuta ni da wani suna, a ta BAC da wani." Da an sayar da shanun, ko da gayyatar ta gaskiya ce, nan za ta tsaya. Yanzu yana bin gyaran, yana koyar da yara shida lissafi a zauren ubansa, kuma ya rubuta wa wata ƙungiya a Togo yana neman gurbi a babban hutu. Ko za su amsa, Allah ne masani. Shanun dai suna nan, sun yi huɗar bana.

Iyaye, duk wanda aka kawo wa irin wannan saƙo, kada ya ji kunyar tambaya, kuma kada ya kashe wa yaro gwiwa. Ku zaunar da shi ku yi masa tambayoyin nan huɗu. In ya amsa su duka, ku sa masa albarka ku raka shi tasha. In ya kasa, ku taya shi neman amsar. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.